Legas da ƙodar Kawu

Jirgi muka hau daga Kano, don Kawu ba zai iya zaman motar dare ba, saboda haka babu wani labarin hanya. Muna fitowa daga filin jirgin Murtala Muhammad da ke Ikeja direban tasi ya dubi babbar rigar Kawu da hularsa, ya yanka mana kuɗin da a wajenmu zai kai mutum Zariya ya dawo da shi. Na fara ciniki, Kawu ya ce, "Ƙyale shi ɗana, ƙafata ba ta ɗaukar tsayuwa."

Idi-Araba aka sauke mu, gidan wani tsohon abokin Kawu mai harkar albasa a kasuwar Mile 12. Wanda bai taɓa zuwa unguwar ba zai yi mamaki. Hausa ake yi ko'ina, ga mai waina, ga mai shayi, ga masallaci a cike, sai dai zafin nan mai danƙo da ke tuna maka teku na kusa. Asibitin koyarwa na Jami'ar Legas na nan a gefen unguwar, da cibiyar kula da masu ciwon daji da aka buɗe a cikinsa a 2019, shi ya sa gidajen mutanenmu na nan ba sa rabo da majinyata daga Arewa. Na yi wa Alhaji mai masaukinmu zancen otal, ya ɓata rai. "Ina raye a Ikko ɗan'uwana ya kwana a otal?" Ɗakinsa ya bar mana, ya koma falo. Hajiya kuwa ba wanda ya gaya mata komai, amma da aka kawo tuwo sai ga miyar Kawu a kwano daban, ba gishiri ba magi. Ta ce ta saba, masu ƙoda nawa ta dafa wa.

Abin da ya kai mu shi ne kaluluwar da ta fito wa Kawu a wuya ta ƙi sauka. Shekarun baya aka yi masa dashen ƙoda, ƙanwarsa ce ta ba shi, kuma tun daga lokacin bai rabu da magani ba: tacrolimus da mycophenolate safe da dare, da prednisolone. Aikinsu danne garkuwar jiki don kada ta far wa baƙuwar ƙodar. To amma garkuwar nan ita ce kuma ke tsinto ƙwayoyin da suka fara lalacewa ta kashe su tun ba su zama kansa ba. Da an danne ta sai hanya ta buɗe wa wasu nau'o'in daji, musamman na kaluluwa wanda ƙwayar cutar Epstein-Barr ke haddasawa. Don haka likitansa ya ce a ciro a duba, a kuma auna yawan maganin a jini.

Wannan awon ne ya kusa haɗa ni faɗa. Dole a ɗebi jinin kafin a sha maganin safe, awa 12 bayan na dare, lokacin da ya fi ƙaranci a jiki. Ɗakin gwajin da aka tura mu yana can tsibirin Legas, mu kuma gosulo ya riƙe mu a kan gadar Third Mainland, Kawu na zaune da ƙwayoyinsa a aljihu yana duba agogo. Muka isa a ƙurarren lokaci. Yarinyar da ke karɓar kuɗi ko ɗaga kai ba ta yi ba, ta ce kwamfuta ba ta aiki, mu dawo gobe. Na yi mata bayani, ta ci gaba da danna waya. A Kano ma ana samun irinta, amma ko ba komai za a ce wa dattijo sannu a nuna masa kujera.

Ina cikin ɗaga murya sai wata mata da farar rigar aiki ta fito daga ciki, ta dubi Kawu ta ce, "Baba, ina kwana? Kun sha maganin safe?" Hausa ce tatacciya ta cikin Kano. Ashe Bayarabiya ce haifaffiyar Sabon Gari, a can ta yi firamare. Da hannunta ta ɗebi jinin ta zuba a kwalba mai shunayyar murfi, ta ce wa Kawu ya sha maganinsa yanzu, kuɗi a biya daga baya.

Da ta ji ni malamin kimiyyar sinadarai ne a sakandare sai hira ta ɓarke. Ta ce ba a tace wannan jinin, don yawancin tacrolimus a cikin jajayen ƙwayoyi yake maƙalewa. Ta nuna mini ta gilashi na'urar da ke auna creatinine, dattin da ƙoda ke fitarwa, wanda hauhawarsa ke nuna ƙodar ta fara gazawa. Abin da ya burge ni, dabarar da na'urar ke bi tsohuwa ce, ta wani Bajamushe mai suna Max Jaffe tun 1886: a haɗa da wani rawayan sinadari, launi ya koma ja-ja, a auna duhun launin. Ɗalibaina za su iya gane wannan da a ce muna da kayan gwaji. Na yi ƙorafin tsada, ta nuna mini firji da janareta, ta ce kowace kwalbar sinadari daga waje take zuwa, da dala ake biya.

Ita ce ta tayar da zancen da har yanzu yake raina. A 1953 Peter Medawar da abokan aikinsa a Ingila suka nuna cewa idan aka sa wa ɓera ƙwayoyin wani ɓeran tun yana ciki, in ya girma zai karɓi fatar wancan ba tare da jikinsa ya ƙi ta ba. Ke nan ana iya koya wa garkuwa ta haƙura da baƙo. Dashen ƙoda na farko da ya yi nasara, wanda Joseph Murray ya yi a Boston ta Amurka a 1954, tsakanin tagwaye masu kama ɗaya ne, shi ya sa ba a buƙaci magani ba. Tun daga nan ake neman yadda sauran mutane za su samu irin wannan. A Boston da Jami'ar Stanford ta Amurka an gwada haɗa ƙoda da ɓargon mai bayarwa, wasu majinyata kuma sun daina shan magani, amma shirin da ake yi wa jiki kafin nan mai nauyi ne kuma da haɗari. Kyautar Nobel ta likitanci ta 2025 ma a wannan fagen ta faɗa, kan ƙwayoyin da ke tsawata wa garkuwa kada ta wuce gona da iri, waɗanda Shimon Sakaguchi na Japan ya bayyana a 1995.

Ni a ganina mu ne muka fi kowa buƙatar wannan binciken. Tiyata ba ita ce matsalarmu ba. A nan Legas, a asibitin St. Nicholas, aka yi dashen farko a Najeriya a 2000, Asibitin Malam Aminu Kano ya biyo a 2002. Dangi kan yi karo-karo, a sayar da gona ko fili a yi tiyata, kowa ya yi barka ya watse, sai a bar mutum da kuɗin magani na kowane wata har ƙarshen ransa. Wanda ya gaza sai ya fara tsallake kwana, ƙodar ta tafi, ya koma wankin ƙoda da na'ura. Kawu ya san masu irin wannan labarin da sunayensu, a layin asibiti suka saba.

Alhaji ya kai ni kasuwar Idumota don in ga ko maganin zai yi sauƙi. Ya yi sauƙi kam, amma na ga katan-katan jibge a rana, na ce ba da ƙodar Kawu ba. Sai na huce a kasuwar Balogun, inda na sa wata mai atamfa ta sauko kusan rabi, tana zagina da Yarbanci tana dariya tana naɗewa.

Ciro kaluluwar bai ɗauki lokaci ba, allurar kashe zafi kawai aka yi masa, aka jefa tsokar a ruwan formalin aka aika a duba ta a madubin likita. Sakamako ya fito ba daji ba ne, tarin fuka ne na kaluluwa. Likitan ya ja kunnenmu cewa rifampicin, ɗaya daga magungunan tarin, yana zaftare tacrolimus a jini, don haka awo zai ƙaru, kuɗi ma haka. Ya rubuta wa likitan Kano takarda.

Alhaji da kansa ya kai mu Ikeja da asuba, da buhun albasa da ya dage sai mun tafi da shi. Ma'aikatan jirgi suka ce ya yi nauyi, sai a motar kaya ya biyo mu.