Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Ranar da Aka Miƙo Mini Makirufo

A makon jiya na tsaya a kan rasuwar yayana a rikicin manoma da makiyaya da aka yi a fadamarmu ta ƙasar Guri. Bayan wata takwas, ina cikin surfe da hantsi, matar mai unguwa ta yi sallama. Ta ce wata ƙungiya na neman mata daga kowace mazaɓa a koya musu shugabanci a Haɗejia, kuma ta ba da sunana.

Malam, maigidana, bai hana ba. Inna, surukata, ce ta ce, "Ke 'yar nan, mace ta shiga siyasa ai sunanta ya ɓaci." Na durƙusa na ce, "Inna, zaman sulhun da aka yi a ƙofar hakimi, mace nawa aka kira? Mu muka goya yara muka gudu cikin dare." Ta daɗe tana jan carbi kafin ta ce, "Allah ya tsare hanya."

A ɗakin taron aka zaunar da ni kusa da wata Bafulatana. Wallahi har la'asar ban dube ta ba. Da aka tashi cin abinci sai ta buɗe ƙwaryarta, ta dama fura, ta miƙo mini ludayi. Muna sha take gaya mini ɗanta na fari ma a rikicin nan ya tafi, yana bin shanu. Furar ta ƙi wuce mini maƙogwaro.

Malamarmu ta ba mu labarin Ruwanda: bayan kisan kiyashin 1994, tsarin mulkinsu na 2003 ya ware wa mata aƙalla kashi 30 cikin 100 na kujeru, a zaɓen 2013 har suka kai kashi 64 a majalisar wakilai. Na yi mamaki, amma labarin Hajiya Gambo Sawaba ya fi taɓa ni. An ɗaure ta sau 16 a gwagwarmayar jam'iyyar NEPU, kuma sai a 1976 matan Arewa suka samu damar jefa ƙuri'a. Ashe kakata ta yi jikoki kafin ta taɓa ganin akwatin zaɓe.

An koya mana aikin kansila da yadda ake bibiyar kasafin kuɗin ƙaramar hukuma. Rana ta uku aka ce kowacce ta tashi ta faɗi damuwar mazaɓarta cikin minti biyu. Makirufo na rawa a hannuna. Na ce an nome burtali, an toshe hanyar mashaya, shanu kuma na faɗawa gona kafin a kwashe amfani, masu zaman sulhu kuwa ba sa tambayar matan da ke jigata da abin. Bafulatanar nan ta miƙe ta tsaya kusa da ni, ba wanda ya ce ta tashi.

Da na dawo gida na tarar labari ya riga ni zuwa majalisar su Malam. Abin da ya faɗa mini a daren nan, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.