Laraba: aikin da ke neman kuɗinka tukuna

Da safe na ƙarasa mayar da wata hira rubutu, aikin da na samu a Upwork, dandalin intanet da ke haɗa masu ba da aiki da masu yin sa. Mai aikin ya riga ya ajiye kuɗin a hannun dandalin tun kafin in fara, shi ya sa hankalina a kwance yake. Na tura, ya duba, ya amince. Saura jiran kwana 5 kafin in iya cira. A Fiverr, wani dandalin irinsa, jiran ya fi haka, kwana 14 ga yawancin masu aiki, bayan an zare kashi 20 cikin ɗari. Jiran akwai ciwo, amma dai na san inda haƙƙina yake.

Da rana ƙanwata ta kira, murya cike da murna. "Yaya, na samu aiki!"

Wani ne da ba ta sani ba ya turo mata saƙo a WhatsApp, wai kamfaninsu na neman masu danna alamar so a bidiyo da ba kaya tauraro biyar. Babu tambayar me ta iya, babu ganawa. Daga nan aka saka ta wani rukuni a Telegram. Jiya sun biya ta ɗan wani abu, kuma da gaske ya shigo. Yau an ce ta zuba nata kuɗin ta USDT, wani nau'in kuɗin intanet na kirifto, domin a buɗe mata manyan ayyuka.

Gabana ya faɗi. Na ce mata wannan ɗan kuɗin farko tsaba ce ake watsa wa kaza. Ribar da take gani tana hauhawa a shafinsu lambobi ne kawai, su ke rubutawa da hannunsu. Masu turo hotunan samu a rukunin, galibi nasu ne. Ranar da ta nemi cira za a ce ta ɓata wani mataki, ko akwai haraji, sai ta ƙara zubawa. Haka za a yi ta ja har abin hannunta ya ƙare. Hukumar kasuwanci ta Amurka, FTC, ta yi gargaɗi kan irin wannan damfara a Disamba 2024.

Ta yi shiru, sannan ta ce, "Amma Yaya, sun biya ni fa."

Wannan maganar ce ta tsaya min a rai. Yarinyar ba sakarya ba ce, buƙata ce ta matsa ta, su kuma buƙatar suke farauta. Na tambaye ta ko ta ba su hoton katin shaidarta, ko lambar sirri da ake turowa a waya. Ta ce a'a. Alhamdulillahi.

Kafin dare ta fita daga rukunin, ta toshe lambar. Tana da saurin buga rubutu, Turancinta ma ba laifi. Mun yi da ita gobe za ta turo min shafi biyu da ta buga, mu fara haɗa mata samfurin aikin da za ta nuna.