Waya mai ƙirga ƙwallo

Da la'asar nakan zauna bakin filin ƙwallon kwando a unguwar Zengou ta Damagaram, ina ƙirga wa ƙanena jifansa a littafi. Shi ya nuna mini manhajar waya mai suna HomeCourt: ka kafa waya tana kallon raga, kyamararta ta ƙirga wanda ya shiga da wanda ya kuskure, har inda ka tsaya. A 2019 NBA, hukumar babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, da kanta ta sa hannun jari a kamfanin da ya ƙera ta. Abin ya burge ni ƙwarai.

"Yaya, ai sai da iPhone," in ji shi. Mu kuwa Tecno gare mu, ragarmu ma igiya ce. Ina fatan masu zuba kuɗin nan su tuna da yaran Damagaram, wallahi akwai masu hannu.