Shirun da Na Ɓata a Gasar Mawaƙan Shagon Aski

Har yau, duk lokacin da daraktanmu ya dunƙule hannu a tsakiyar waƙa don a yi tsit, sai gabana ya faɗi, ko da yake an fi shekara guda da faruwar abin. Mu arba'in da 'yan kai ne muka jeru a kan matakala a gasar kaka ta gundumarmu. Kowa ya kame bakinsa a daidai wurin da aka tsara za a yi shiru, ni kaɗai na kama baitin ƙarshe, muryata ta fita tilo a cikin zauren da ko tari babu mai yi, ga alƙalan gasa zaune a gaba da alƙaluma a hannu. Abin bai wuce daƙiƙa biyu ba, amma wata shida muka yi muna gyaran wannan waƙa.

Na shiga wannan ƙungiyar mawaƙa ne a shekarata ta uku a jihar Ohio ta Amurka, bayan wani abokin aikina ya ji ina rera waƙa ƙasa-ƙasa a wurin cin abinci, ya matsa mini in raka shi. Wannan salo da Amurkawa suke kira waƙar shagon aski ba a haɗa shi da kowane irin kayan kiɗa, muryoyi huɗu ne kawai: mai jan waƙa, da siririyar murya da take shawagi a samansa, da babbar murya a ƙasa, sai bariton wanda yake ɗaukar sautin da ya rage don amon ya cika. Cikin masu bariton aka sa ni. Wanda ya saurari layinmu shi kaɗai zai rantse ba waƙa ba ce, domin hawa da sauka yake yi babu wani zaƙi, amma da zarar an cire shi sai haɗin ya yi lami. A darena na farko, da aka riƙe amon ƙarshe muryoyin huɗu suka daidaita, na ji wani sauti na biyar yana kaɗawa can sama alhali babu mai rera shi. Tsikar jikina ta tashi, kuma ban yi fashin bitar Talata ko sau ɗaya ba har shekara ta zagayo.

Muna haɗuwa da ƙarfe 7 na yamma a ɗakin taro na ƙasa na wata majami'a da muke haya. Masu zuwa da wuri su ne suke jawo matakalan ƙarfe daga ɗakin ajiya su harhaɗa, a ɗumama murya, mai usur ya busa sauti guda kowa ya nemo nasa daga gare shi. A tsakiyar bita ana hutawa a ji sanarwa: wane yana asibiti a je a yi masa waƙa, kuɗin shekara ya kusa, ana neman masu zagayawa ranar 14 ga Fabrairu su rera wa matan mutane waƙar soyayya a ofisoshi da gidaje, domin da kuɗin ake biyan hayar ɗakin. A watannin da magariba take faɗowa cikin lokacin bita, akwai wani lungu kusa da inda ake rataye riguna da suka san nawa ne, ba a ajiye kujera a wurin. Idan an tashi kuwa, sai a tsaya huɗu-huɗu a wajen ajiye motoci ana koya wa juna wutsiyoyin waƙa da ka, wato 'yan layukan da ake rufe waƙa da su, har sanyi ya kori mutane.

Ni kaɗai ne baƙar fata a reshenmu na ƙungiyar, kuma wannan yana da hannu a kuskurena. Shugaban sashenmu na masu bariton, dattijo ne da ya haura shekara 70, shi ya fara gaya mini, ba tare da na tambaya ba, cewa wannan salo ya samo tushe ne a bakin baƙaƙen Amurka tun ƙarshen ƙarni na 19, amma uwar ƙungiyarmu, Barbershop Harmony Society, wadda Owen Cash da Rupert Hall suka kafa a Tulsa ta jihar Oklahoma a 1938, ta daɗe tana rufe musu ƙofa. Ya ba ni labarin Grand Central Red Caps, 'yan dako huɗu na tashar jirgin ƙasa da suka ci gasa a birnin Niyok a 1941 aka hana su shiga gasar ƙasa saboda launin fatarsu, har tsohon gwamnan jihar, Al Smith, ya fice daga ƙungiyar a kan haka, kuma sai a 1963 aka janye dokar. Babu wanda ya ɗora mini wannan kaya, ni na ɗauka na ɗora wa kaina, na ƙudura cewa ba za a taɓa kama ni da kuskuren sauti ba. Duk sabuwar waƙa da aka raba, ni nake fara haddace ta. Muryar koyo, wato naɗaɗɗiyar waƙar da ake ba kowane sashe, wadda ake ɗaga layinka a kunne guda a bar sauran ukun a ɗaya kunnen, ita nake saurara a mota safe da yamma, har na fara ganin kamar ita ce ƙungiyar.

A watan Agusta na rera waƙoƙin gasa biyu a waya, shugaban sashe ya saurara ya ce na cancanci hawa matakala. Sai wurin aikina ya mayar da ni aikin yamma na mako biyar. Na gaya wa darakta, ya ce babu damuwa, ni ma na ce a raina babu damuwa, tun da waƙar tana kaina harafi-harafi. A cikin waɗannan makonni aka gayyato wani ƙwararren mai horarwa ya yi Asabar guda da ƙungiya, shi ne ya ce baitin ƙarshe na waƙar ta biyu yana zuwa da gaggawa, a tsaya cak kafin a kama shi, a bar masu sauraro su jira. Suka yi ta maimaita wannan tsayawa Talata huɗu a jere har ta zauna musu a jiki, ni kuwa ina can cikin mota ina ƙara zurfafa tsohon tsari a ƙwaƙwalwata.

An aiko da sanarwar canjin, ba zan musa ba. Tana cikin wata doguwar wasiƙar imel, a sakin layi na shida, tsakanin bayanin launin safa da za a sa da farashin ɗakin otal. Na karanta farkonta na rufe. Har yanzu ina ganin bai kamata a binne magana irin wannan a ƙarƙashin zancen safa ba, kuma na faɗa a taron shugabannin reshe. Duk da haka, da na dawo bita ta ƙarshe a makare na tarar ana aiki a kan waƙar farko, akwai mutum takwas a sashena da zan iya jan kowanne gefe in ce, "Me aka canza bayana?" Ban tambaya ba, domin a ganina tambayar ta wanda bai iya ba ce. Ranar gasa kuma, a ɗakin shiri, darakta ya rera da mu farkon kowace waƙa da wutsiyarta kawai don kada muryoyi su gaji, wurin tsayawar bai biyo ba.

Ko a kan dandamali ma akwai damar tsira guda da ta rage mini. Darakta ya dunƙule hannu, alamar da na sani sarai, amma idona yana can bayan zaure, ina nuna wa jama'a fuskar da aka koya mana. Wanda ya dogara da haddarsa ba ya kallon hannu, kuma haka na zama. Na ji kafaɗar na kusa da ni ta motsa, na haɗiye sauran kalmar, amma ta riga ta fita. Muka ƙarasa waƙar, amon ƙarshe bai kaɗa yadda ya saba ba, domin hankalin rabin matakala ya rabu.

Alƙalai suna duba abu uku ne, wato tsarin waƙa, da ingancin murya, da yadda aka isar da ita ga mai kallo, kuma bayan gasa sukan zauna da kowace ƙungiya su yi bayani. Na ɓangaren isarwa ya ce wannan shiru shi ne wurin da waƙar ta dogara a kansa, kuma bai samu ba. Bai tambayi wane ne ba, babu kuma wanda ya waiwayo ya dube ni, abin da ya fi mini zafi fiye da a ce an yi mini faɗa. A hanyar fita dattijon ya dafa ni ya ce, "Ɗana, ni ya kamata in kira ka, ban kira ba." Da na isa gida na kasa cin abinci, uwargida ta ce, "Maigida, ko dai ka huta da waƙar nan?" Na yi mako guda ina juya maganarta, Talata ta zo na je na taya harhaɗa matakala.

Shawarar da nake ba duk sabon shiga yanzu ita ce ya riƙe fensir a aljihu, ya rubuta kowane canji a kan takardarsa nan take, domin muryar koyo tana tsayawa ne a ranar da aka naɗe ta, ƙungiya kuwa kowace Talata sai ta taɓa wani abu, ko wurin numfashi, ko tsawon wasali, ko inda za a sassauta. Idan ya yi fashin bita ko da sau ɗaya ne, kada ya hau matakala sai ya aro takardar wani ya gwada da tasa layi-layi. Ni ne yanzu nake riƙe da littafin canje-canje na sashenmu, kuma duk wanda bai zo ba ina kiransa kafin Alhamis, ko yana so ko ba ya so. Wani sabon yaro da ya yi fashin mako uku ya ce mini ya riga ya haddace komai, na ce ya ɗauko takardarsa mu bi tare, muka tarar da wuri huɗu da aka canza bai sani ba.

Waƙar tana nan cikin waɗanda muke rerawa a wasannin reshe, kuma ban sake shiga cikin shirun ba. Sai dai yanzu ina makara kaɗan wajen kama baitin, ina jira in ji na kusa da ni ya fara kafin in buɗe baki, wanda shi ma aibi ne, domin amon bariton yakan iso bayan sauran ukun. Dattijon ya lura, ya sa ni a jeren gaba daidai hannun darakta, kuma Talatar da ta wuce sau shida ya sa sashenmu ya maimaita wurin kafin ya bari muka zauna.