Abin da sitaj ya koya min kan Duffy da nutrofil ɗinmu

Ni ɗalibin laboratwar ne a nan Maradi, kuma a sitaj ɗina an ajiye ni ɓangaren gwajin jini, NFS (wato ƙirgar ƙwayoyin jini) da gwajin zazzaɓin cizon sauro. Aikin shi ne ka shafa jini a lam, wato ɗan gilashin mikroskop, ka rina da rinin Giemsa, ka zauna kan mikroskop kana ƙirga fararen ƙwayoyin jini har wuya ya ƙage. Abin da ya dinga damuna shi ne mutane su zo lafiya lau, wani ma takardar neman aiki kawai ta kawo shi, amma nutrofil ɗinsa, wato wani nau'in fararen ƙwayoyin jini masu yaƙar cuta, yana ƙasa da 1500 a mikrolita ɗaya na jini, kuma littafinmu ya ce wannan ƙaranci ne. Na tambayi babbarmu, na ce Hajiya wai mutanen nan duk ciwo gare su ba su sani ba? Ta ce a'a ɗana, je ka karanta Duffy ka zo ka yi mana bayani.

To na karanta, wallahi abin ya kama ni. Duffy wani rukunin jini ne, ƙwayar gadonsa sunanta ACKR1, tana kan kromozom na 1, kuma rukunin jinin da take haifarwa an gano shi a 1950 a jinin wani majinyaci mai suna Duffy. Furotin ɗin da take ƙerawa yana zama a bayan jajayen ƙwayoyin jini, da kuma jikin ƙwayoyin da suka shimfiɗe cikin ƙananan jijiyoyin jini. Aikinsa kama kemokin ne, wato ƙananan saƙonnin da nama ke saki idan an ji rauni ko cuta ta shiga, irin su CXCL8. Abin mamaki shi kansa ba ya tura umarni cikin ƙwaya yadda sauran masu karɓar kemokin suke yi, ɗaukar saƙon yake daga gefen nama ya ƙetara da shi bangon jijiya ya baje shi a ciki, nutrofil da ke wucewa ya rage gudu, ya mirgina, ya manne, sannan ya kutsa ta tsakanin ƙwayoyin ya fita wurin da ake nemansa. Kamar ɗan kamasho a bakin tasha yana nuna inda za a sauka.

Mu mutanen Afirka ta Yamma kusan dukkanmu muna da wani ɗan canji na harafi ɗaya a mafarin ƙwayar gadon, wurin da GATA-1, furotin ɗin da ke kunna ta a jajayen ƙwayoyi, yake kamawa, an bayyana shi a 1995. Canjin yana kashe furotin ɗin a jajayen ƙwayoyi kawai, na jijiyoyi yana nan yana aikinsa. Shi ya sa nutrofil ɗin da ke yawo a jininmu yake yin ƙasa, amma ɓargo bai gaza ba kuma mutum ba ya kamuwa da cututtuka fiye da kowa. Ma'aunin da ke littattafanmu yawanci daga jinin Turawa aka ɗauko shi, kuma wannan yana yi min ciwo, don akwai magunguna irin na ciwon daji da ake iya jinkirta wa mutum saboda lambar da a wurinsa daidai take.

Da na yi bayanin wani abokina ya ce ai kenan mun tsira daga maleriya. Ina! Ƙwayar maleriya iri-iri ce: vivax ce take shiga jar ƙwaya ta ƙofar Duffy, tun 1976 aka nuna marasa shi suna da kariya daga gare ta, amma wadda ke kwantar da yaranmu duk damina falsifarum ce, babu ruwanta da Duffy. Ita ma vivax ɗin an same ta a jikin marasa Duffy a Madagaska da Habasha, don haka ko a lam ɗin ɗan Maradi ina duba siffar ƙwayar cutar da kyau.

Yanzu in na ga nutrofil ya yi ƙasa sai na tambaya ko akwai zazzaɓi, ko gyambon baki, ko wani magani da yake sha, in duba sauran ƙwayoyin jinin su ma, in nemi tsohon sakamako idan yana da shi. Lambar da ta faɗi ƙasa da 500 kuwa ba na jira, nan take nake kai wa likita da hannuna.