Baka ma yana jin zafi da sanyi

Mutane da yawa gani suke baka ai sanda ce kawai da tsarkiya, ka ja ka saki shi ke nan. Amma bakan da ka harba da shi da sanyin asuba a watan Janairu, in ka ɗauko shi da azahar a Afrilu sai ka rantse an canja maka shi.

Zafi laushi yake sa itace. In baka ya sha rana yana ɗaure da tsarkiya, lanƙwasar nan sai ta zauna masa, ko ka kwance ba zai koma daidai ba, ƙarfinsa ya ragu kenan, kibiya ta dinga faɗuwa kafin inda ka nufa. Ai da wuta ake gyara karkatacciyar gora, to aikin da rana take yi kenan a hankali ba tare da ka sa ta ba. Sanyi kuma akasin haka, baka ya ƙara tauri, ja ya yi nauyi, kuma in hunturu ya busar da shi ƙarau ka fizge shi da ƙarfi yana iya tsagewa a hannunka. Shi ya sa ake shafa masa mai, a ɗan jajja shi kaɗan-kaɗan kafin a cika hannu. Tsarkiyar fata ita damina ce matsalarta, tana shan laima sai ta saki.

Inda abin ya fi burge ni wallahi wajen Turkawan daular Usmaniyya ne. Su bakansu ƙahon ɓauna ne da itace da jijiyar dabba, a manne su da gam ɗin da aka dafa daga jijiya da kifi, kuma wannan gam ɗin ba ya shiri da danshi ko kaɗan, to masu gasar harbin nesa a filin Okmeydanı na Istanbul sai su sa bakan a wuri mai ɗumi ya yi kwanaki har danshin ya fita, sannan a fito da shi fili. A 1798 Sarki Salim na Uku ya harba kibiya ta yi wajen mita 889, kusan kilomita guda fa, da ƙaho da jijiya! Koriyawa masu bakan ƙaho har yau suna da akwatin ɗumama baka, musamman lokacin ruwan sama. Ka ga a nan ɗumi gyara yake, amma ɗumi na lissafi, kuma tsarkiya a kwance.

Na zamani masu faiba da kabon, wato zaruruwa masu ƙarfi da ake ƙerawa a masana'anta, ba su damu da laima sosai ba, sai dai su ma falle-falle ne aka liƙa da gam. Ka bar irinsa cikin mota a rufe a bazarar Kano ko Sakkwato, waje ma ya haura digiri 40 balle ciki da zai iya wuce 60, gam ya yi laushi, fallen ya fara ɓanɓarewa ko hannun bakan ya murɗe, kuɗinka sun tafi. Kakin da ake goga wa tsarkiya shi ma narkewa yake.

Iska ma da nata. Mai sanyi ta fi kauri, tana rage wa kibiya gudu, don haka 'yan gasar da ke harbi daga mita 70 irin na Olamfik sai sun sake daidaita saiti in yanayi ya juya.