Inda na kwana da neman harsashin bindigata mai milimita 5

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu koyon harbi da bindigar iska. Ga bayanin inda aka kwana a kan tawa bindigar, wadda wasunku suka ce in sayar in huta.

Ga wanda bai san zancen ba, saktun ɗin, wato bindigogin iska, da ake gani a shagunan Jidda kusan duk masu milimita 4.5 ne ko 5.5. Tawa Weihrauch HW95 ce, ƙirar Jamus, mai sifirin, irin wadda ake karya bututunta a ɗana, amma bakinta milimita 5 ne, wato .20 a lissafin inci. Kamfanin Sheridan na Amurka ne ya fito da wannan awo a 1947, kuma har yau bai yaɗu kamar sauran biyun ba. Daga hannun kawuna ta fito, kuma ban fara aiki da ita ba sai da lasisinta ya fita da sunana. Matsalarta guda ce: harsashi. Ka shiga shago ka ce milimita 5, sai mai shagon ya miƙo maka 5.5 yana ganin ka yi tuntuɓen harshe ne.

Iri uku na samu zuwa yanzu. Akwai H&N Field Target Trophy na Jamus mai nauyin giren 11.42, kusan giram 0.74 ke nan. Akwai JSB Exact na ƙasar Cek mai giren 13.73, wajen giram 0.89. Sai wani tsohon gwangwanin Benjamin mai giren 14.3 da ya zo tare da bindigar. Biyun farko suna da ƙirar da kuka sani: kai mai zagaye, siririn ƙugu, da siket mai rami a baya. Na ukun kusan miƙaƙƙe yake, ba shi da ƙugun kirki, don an yi shi ne domin bindigogin Sheridan masu famfo.

A wata gona ta wajen Usfan, kusa da Jidda, nake gwajin, da izinin mai ita, ina kafa kwali a tazarar mita 25 da tudun yashi a bayansa. Da sassafe nake yi. Wanda ya san Jidda ya san da rana ta take sai iskar teku ta taso daga arewa maso yamma, kuma dalmar da ba ta kai giram ɗaya ba, iskar nan sai ta kai ta inda ta ga dama.

Abin da ya fi ɗaukar mini lokaci shi ne riƙo. Bindiga mai sifirin tana motsi tun kafin harsashi ya bar bututu: fistin da sifirin ke turawa ya matse iska ya zabura gaba, ita ta ja baya, sannan ta sake zabura. In ka ƙanƙame ta yau, gobe ka sassauta, harsashi ɗaya zai ba ka sakamako biyu, ka yi ta zargin dalma alhali hannunka ne. Yanzu a kan buɗaɗɗen tafi nake ɗora ta, daidai gaban kunama, ba na matsewa, kuma na manna ɗan salatif a jikin katakon don hannuna ya riƙa komawa wuri guda. Kada ku ɗora katakon kai tsaye a kan tebur ko bulo. Haka kuma duk sanda na canja irin harsashi, nakan ɓarar da wasu a yashi tukuna, don bututun ya ɗauki dalmar sabon, kafin in fara lissafi.

Benjamin ya faɗi tun da wuri. Yana shiga da ƙyar, yana warwatsewa a kwali. Tsakanin H&N da JSB ne gasar take. Mai sauƙin nauyin ya fi gudu, faɗuwarsa kaɗan ce, amma a bututuna kusan kowane jeri na harbi biyar sai ɗaya ya ware gefe. JSB kuwa yana sauka ƙasa kaɗan, amma ramukansa suna haɗuwa har tsabar riyal ɗaya ta rufe su. Ni shi na zaɓa. Faɗuwar da ka sani kana iya gyara ta da saitin madubin hange na kan bindiga. Harsashin da ba ka san inda zai ware ba, babu gyaransa. Amma kada wani ya ruga ya saya don na ce. Bindiga biyu daga kamfani ɗaya, awo ɗaya, suna iya saɓawa a kan abin da suke so.

Daga nan na shiga tsince. Nakan juye gwangwanin a kan farin tawul, in ɗauki kowane ƙwaya in leƙa siket ɗinta. Dalmar JSB taushi gare ta, gefen siket ɗin siriri ne, ɗan buguwa a hanya ya ishe shi lanƙwashewa. Wanda bakinsa ya daina zama da'ira ba ya toshe iska daidai, sai in ware shi don ɗumama bututu. Sauran in ɗora su a ƙaramin sikeli irin na masu sayar da gwal, in kasa su kashi-kashi bisa nauyi. A mita 25 cire lanƙwasassun ya fi auna nauyin amfani nesa ba kusa ba. Aunawar sai tazara ta ƙaru take fara nuna kanta. A wanke hannu da sabulu bayan wannan aiki, kuma kada a yi shi inda yara ke rarrafe ko inda ake cin abinci, dalma guba ce.

Damshin Jidda ma abokin gaba ne. Gwangwanin da aka bari a buɗe, dalmarsa sai ta yi fari-fari kamar an barbaɗa mata gari, ƙarfen bindiga kuma ya soma tsatsa duk inda yatsa mai gumi ya taɓa. Ina goge bayan bututu da tsumma mai ɗan mai, amma ba na bari ko ɗigo ya shiga ramin da iska ke fitowa, domin matsin fistin yana kunna man, ka ji ƙara da warin ƙauri, robar fistin ta lalace.

Farauta kuwa ban fita ba tukuna. Cibiyar kula da namun daji ta ƙasa ce ke buɗe lokaci daga farkon Satumba zuwa ƙarshen Janairu, ta manhajar Fitri ake neman izini, ita ce kuma ke faɗin tsuntsayen da aka yarda a harba. Haramin Makka da na Madina babu ma zancensu. Ba zan ɗaga bindiga a kan mai rai ba sai na tabbata zan kashe shi nan take, ba in karya masa fiffike ya je ya mutu a ƙaya ba.

Abin da ke gabana yanzu shi ne mita 35, da neman ƙarin gwangwanayen JSB daga rukunin da na gwada, don lambar rukunin na nan a manne a gwangwanin. Duk wanda zai je baje kolin shaho da farauta na Malham a Riyad, don Allah ya duba mini masu sayar da milimita 5.